Babbar Rigar Yaya a Gaban Kwamiti

Ni na yaye ta. A gidanmu na Ƙofar Marusa haka ake yi, 'yar fari ba ta iyayenta ba ce, da an cire ta daga nono sai a miƙa wa gwaggo ko kaka. Ubanta, wanda nake bi a haihuwa, ko sunanta ba ya iya kamawa. Uwarta kuwa, in yarinyar ta faɗi a gabanta, sai ta kau da kai ta ce wani ya zo ya ɗauke wannan. To ni aka kawo wa ita, da ɗan kwanonta da 'yan riguna ƙunshe cikin zane. Ban haihu ba a lokacin, ban kuma haihu daga baya ba, saboda haka duk wanda ya ce ba ɗiyata ba ce, shi da Allah.

Ta taso da tambayar tsiya. Me ya sa toka take wanke tukunya? Me ya sa kanwa take sa wake ya nuna da wuri? Ni malamar firamare ce, na saba da tambayar yara, amma tata har sai na ce ta je ta tambayi kanwar da kanta. Da ta samu jami'a aka ba ta ilimin sinadarai, ban yi mamaki ba. Kullum da safe takan shiga kurkura, wato keke mai ƙafa uku, daga bakin layinmu, jaka a kafaɗa, farar rigar ɗakin gwaji a ninke a ciki don kada ta yi datti. Ita ce mace ta farko a gidanmu da ta kai shekarar ƙarshe a jami'a, ni kuwa na cika unguwa da baki. Har mai sayar mini da kayan miya a Babbar Kasuwa ya san saura zango ɗaya ta karɓi digiri.

A shekarar ƙarshe akwai aikin bincike da kowane ɗalibi yake rubutawa, ana haɗa shi da malami ɗaya ya riƙa duba masa. In malamin bai sa hannu ba, babu digiri, ko da kuwa ka cinye duk sauran jarrabawa. Nata malamin ban taɓa ganinsa ba sai sau ɗaya, kuma da a masallacin Juma'a ka gan shi da ka ba shi ajiyar gidanka.

Na lura ta rage cin abinci, ta daina ba ni labarin makaranta. Na yi ta tsokanarta ko wani ne ya fito, ta ƙi dariya. Wata rana da la'asar tana madafa tana kaɗa miyar kuka, ni ina zaune a bakin ƙofa ina tsince shinkafa, sai kawai ta fara magana da Turanci. Ba ta juyo ba. Mu ba ma Turanci a gida sai in za mu yi gulmar baƙo, shi ya sa na ajiye faifan na kasa kunne. Ta faɗa mini komai daga farko har ƙarshe, murya a daidai kamar mai karanta darasi. Yadda ya kira ta ofis ya murɗa makulli. Inda ya kai hannunsa a jikinta. Maganar da ya yi a kan ƙirarta, da wurin da ya ce ta same shi in tana son sa hannunsa a aikinta. Ga shi ni ma da nake rubutun nan ina kewaye-kewaye, alhali na haura sittin, ba kuma mai kallona.

Raina ya ɓaci. Na ce gobe zan je in tsaya a ƙofar ofishinsa in tara masa jama'a. Ta ce, da Hausa yanzu, "Gwaggo, ba haka ake yi ba. Akwai doka." Ta riga ta bincika. Jami'ar tana da ƙa'ida a rubuce game da irin wannan cin zarafi, da kwamiti na musamman mai sauraron koke. Ɗaliba za ta rubuta ƙorafinta a taƙaice, a kira ta ta yi bayani da bakinta, a kira wanda take ƙara shi ma a ji nasa, don doka ba ta yarda a hukunta mutum ba tare da an saurare shi ba. An yi alkawarin rufin asiri. An kuma yarda ta shiga da mutum ɗaya da zai zauna kusa da ita don ta samu ƙarfin zuciya. Na karanta ƙa'idar da tabarau a hanci, na ce lallai waɗanda suka rubuta ta sun yi tunani.

Ta rubuta ƙorafin, gajere, ta ce sauran za ta faɗa a gabansu. Muka shiga gwaji a madafa. Ni ce kwamiti, da muciya a hannu, ina jefa mata tambayoyi da Turancina na firamare, ita tana amsawa. Ta iya abinta. Da Turanci kalmomin nan suna fita daga bakinta kamar sunayen sinadarai, ba ta ko ƙifta ido. Na ce a raina mutumin nan ya ɗebo ruwan dafa kansa.

Da sammacin zama ya zo, dole gida ya sani. Ba a faɗa wa maza dalla-dalla ba, wa zai faɗa? An dai ce wani malami ya yi wa yarinya rashin mutunci, ta kai ƙara, an kira ta. Aka zauna a zauren babban gida kan wanda zai raka ta. Ubanta bai ko ɗaga kai ba, wa ya taɓa ganin uba ya tsaya wa 'yar fari a gaban mutane? Uwarta tana ɗaki tana kuka a ɓoye. Na ce ni zan shiga da ita, ai ɗiyata ce. Sai babban yayanmu ya gyara zama.

Yaya Alhaji ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa a Babbar Kasuwa tun ina yarinya. Bai yi boko ba, amma duk rigimar da ta tashi a layinsu shi ake kira, ya raba aure ya ɗaura aure ya sasanta gado. Mutum ne mai kirki, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ya ce, "Ke kina da baki, mun sani, duk Ƙohwar Marusa ta sani. Amma wanga zama na manya ne. In sunka ga mace biyu, sai su aza ɗiyar ba ta da kowa. Ni za ni tahi, su ga tana da gida."

Kowa ya ce haka ne, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yi 'yar gardama, aka ce to in bi su in jira a waje. In faɗi gaskiya, har da ni a cikin masu jin daɗi, don na san in Yaya ya shiga wuri ana miƙewa. Yarinyar tana durƙushe a bakin zaure, aka tambaye ta ko ta ji, ta ce ta ji, Allah ya ƙara girma.

Ranar zaman ya fito da babbar rigar da ya ajiye don ɗaurin auren 'ya'yan manya, farar shadda mai aiki har ciki, an buge ta tana ɗaukar ido. Turarensa ya cika motar. A hanya yana ta ba ta baki, yana cewa kada ta ji tsoron kowa, ga shi nan kusa da ita, ƙafarsa ƙafarta. Ita tana kallon taga, leɓenta yana motsi, na san Turancin namu na madafa take maimaitawa.

A wani dogon baranda na bene aka ajiye mu. Can malamin ya iso, kaftani mai sauƙi, fayil a hannu, ya rusuna ya gaishe da Yaya har ƙasa don bai san ko wane ne ba, ko kuma ya sani. Da sakatariyar kwamiti ta leƙo ta ce mutum ɗaya zai shiga da ita, ɗiyata ta dube ni. Yaya ya riga ya miƙe yana saɓa hannun riga. Suka shiga, aka rufe ƙofa, na zauna a benci da carbina.

Abin da ya faru a ciki daga bakinsu biyun na ji, kuma labarinsu bai saɓa ba ko kaɗan, fahimtarsu ce ta saɓa. Shugabar kwamitin wata farfesa ce, dattijuwa, 'yar gari. Da ta ga Yaya sai ta miƙe, sauran suka miƙe. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya gida ya iyali ya kasuwa, har aka gano wani daga cikinsu a shagonsa aka yi masa kayan lefe. Aka kawo masa ruwa. Sai shugabar ta buɗe zama da Turanci, ta yi 'yan jimloli, ta lura Yaya yana gyaɗa kai irin na wanda ba ya jin ko ɗaya. Ita ma 'yar mutunci ce, ba za ta bar dattijo yana zaune kamar gunki ana magana a kan 'yarsa ba. Ta ce tunda duk wanda ke wurin yana jin Hausa, a yi zaman da Hausa saboda Alhaji. Kowa ya ce madalla.

Daga nan ta juya ga ɗiyata ta ce ta faɗa musu abin da ya faru, kalma da kalma, me ya ce, ina ya taɓa, don kwamiti ba ya aiki da jita-jita.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce to ta faɗa mana. Yarinyar da ba ta taɓa cin abinci a gaban Yaya ba, ba ta taɓa shiga zaurensa da takalmi ba, ita ce za ta buɗe baki da Hausa ta ambaci sassan jikinta, gwiwarsa tana kusan taɓa tata? Kalmomin da muka yi ta gwadawa babu su a Hausa sai tsirara. Ta ce ta buɗe baki ta ji harshenta ya yi nauyi. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ya yi mani maganar da ba ta dace ba."

Aka ce wace magana? Ta ce maganar banza. Aka ce ya taɓa ki? Ta ce e. A ina? Ta sunkuyar da kai.

Shugabar ba wawiya ba ce, ta gane. Ta ce, "'Yata, ko kina son Alhaji ya ɗan ba mu wuri?" Ƙa'idarsu ta ce zaɓin mai ƙara ne, ba su da ikon fitar da wanda ta zo da shi, shi ya sa ita aka tambaya, a gabansa. Ku dubi wannan tambaya. Wace 'yar Katsina ce za ta ce a fitar mata da wan ubanta daga ɗaki, mutumin da ya rufe shago ya sa rigar ɗaurin aure dominta? Ta ce, "A'a, Baba shi zauna." Yaya kuma ya ƙara gyara zama ya ce ai ba inda za shi, ya yi mata alkawari.

Shi kuwa malamin, da aka zo kansa, bai yi gargada ba. Ya ce aikinta ne bai yi kyau ba, ya mayar mata ta gyara, ta ji haushi. Ya fito da shafukan da ya yi wa jan biro. Ya ce yana da 'ya'ya mata, ya ce Allah ya isa, har muryarsa ta yi rawa. Ya roƙi kwamiti ya tambaye ta takamaimai me ya yi, don ya san abin da zai kare kansa a kai. Ta fuskar doka, roƙonsa daidai ne. Aka sake tambayarta, ta sake yin shiru.

A mota Yaya fuskarsa fal annuri. Ya ce da ni, "Kin gani ko? Mutanen kirki ne, sun karrama mu. Don ni hwa sunka bar Turanci. Ɗiyar nan kuma ta nuna tarbiyya, ba ta yi rashin kunya ba ko ɗaya." Na waiga na dube ta a kujerar baya. Ta haɗa kai da gwiwa, ban buƙaci wani bayani ba. Na ji kamar in fasa ihu, amma da wa zan yi faɗan? Kowa a ɗakin nan ladabi ya yi.

Hukunci ya fito bayan wani lokaci. Kwamiti ya ce mai ƙara ba ta kawo bayanin da za a iya tabbatar da zargi a kansa ba, saboda haka ba a samu malamin da laifi ba. Don a zauna lafiya sun ba da shawara a canja mata mai duba aiki. An kuma sanar da ita tana da damar ɗaukaka ƙara zuwa sama, ko ta kai ga 'yan sanda da kotu in tana so. Na ce mu ɗaukaka, wannan karon ni zan shiga ko sama da ƙasa za su haɗu. Gida ya ce ya isa haka, an je an ji, kada garin neman gira a rasa ido, yarinya ce mace, aure za ta yi. Ita ma ta ce ta gaji. Ta ce, "Gwaggo, an rubuta an tambaye ni na yi shiru. Mi zan ce masu yanzu, in ce Hausa ce ban iya ba?"

Rufin asirin da aka yi alkawari bai kai ƙofar bene ba. Kafin ta koma aji kowa ya sani. Canjin malamin ya zama je ka ka dawo, wannan ya ce ɗalibai sun yi masa yawa, wancan ya ce ba fanninsa ba ne. Wanda aka tilasta wa ya karɓe ta, in ta shiga ofishinsa sai ya wangale ƙofa ya kira masinja ya tsaya, yana magana da ƙarfi don a ji daga baranda. Ƙawayenta suka fara sauya hanya. Wanda ta kai ƙara yana nan yana shiga aji, har shi ya koyar da wani darasi da dole sai ta ci, ta kuwa faɗi a cikinsa. Ban ce shi ya kayar da ita ba, don a lokacin ko littafi ba ta iya buɗewa. Wata safiya na ji mai kurkura yana ta hon a bakin layi, na leƙa ɗakinta na same ta zaune da kayan gida. Ta ce in ce masa ya tafi. Ba ta sake komawa ba.

Farar rigar ɗakin gwajin tana nan a akwatina. Ita yanzu tana gidan mijinta, da 'ya'yanta, tana haɗa sabulun ruwa da man shafawa a robobi tana sayar wa matan unguwa. Sabulunta ya fi na kowa, ba don tawa ce ba, ta san abin da take zubawa da dalilin zuba shi. In na ga tana auna sinadari da kofin shayi sai in kau da kai. Zango ɗaya ya rage mata.

Na daɗe ina jin haushin Yaya a zuciya, ina gaishe shi sama-sama, shi kuwa bai san ina yi ba. Shekaru suka ja, ciwon ƙafa ya zaunar da shi, 'ya'yansa suka karɓi shago. Wata rana da hantsi na kai masa fura, na same shi shi kaɗai a zaure a kan buzu, rediyo a kashe. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka gaisa, na miƙe zan tafi, ya ce in zauna.

Ya ce, "Akwai abin da ka damuna. Ɗiyar nan taki, munka je munka dawo, ta bar karatu. Ni har yau ba wanda ya hwaɗa mani. Wai mi mutumen nan yay yi mata?"

Na yi niyyar in ce ya wuce, Yaya, a bar shi. Sai baƙin halina ya motsa. Na juya masa baya na fuskanci bango, kamar yadda ta fuskanci tukunya, na faɗa masa duka, da Hausa, ban rage ko ɗaya ba. Wannan ne karo na farko da maganar ta fita da harshenmu daga bakin kowa, kuma ni da nake taƙama da baki, gumi ne ya jiƙa mini zane kafin in kai ƙarshe.

Da na juyo na ga gemunsa a jiƙe.

Ya ce, "Wannan sunka so ta hwaɗa? Ina zaune?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "Amma an tambaye ta. Ita tac ce in zauna."

Na ce, "Yaya, mi kake so ta ce?"

Ya daɗe yana jujjuya carbi ba ya ja. Can ya ce, "Ni na aza zaman nawa shi ne taimakon. Da na san tashi ne, wallahi da ko takalmi ban tsaya ɗauka ba." Ya ce in je in roƙa masa gafararta, shi ba zai iya haɗa ido da ita ba.

Daga nan gidanta na wuce. Na same ta a tsakar gida tana juya sabulu a babbar roba da doguwar muciya, ƙyalle a hanci. Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Ba ta daina juyawa ba, ba ta kuma ɗago ba. Ta ce, "Gwaggo, ki ce ma Baba bai yi mani komai ba. Rigarshi mahi kyau ya sa don ni."